Injin tsince shinkafa yana da ido, mu fa?

A gidanmu a Ɗanbatta, Inna ce ke tsince shinkafa. Faifai a cinya, ido a kan ƙwaya: tsakuwa waje, baƙa waje. Da na je aikin sanin makamar aiki a wani kamfanin casar shinkafa a Kano, sai na tarar inji ne ke yin aikin Inna. Shinkafa na gangarowa, fitila na haska ta, kyamara na kallo. Da ta hango baƙar ƙwaya, sai iska ta feso ta cire ta.

Wata rana injin ya riƙa zubar da shinkafa mai kyau. Mu ɗalibai muka ce matsalar kwamfuta ce. Ashe ƙurar dusa ce ta rufe gilashin da ke kare kyamarar, ga idon kyamarar ya ɗan goce. Sai da aka jira injiniya daga nesa. Wallahi na ji kunya.

Ga abin da nake gani: mun damu da waya da rubuta manhaja, mun manta da ido. Alhali in hoto ya shigo a gurɓace, babu manhajar da za ta gyara hukuncin. Gilashin idon kyamara ba ƙawa ba ne, lissafi ne: nisansa da ƙwaya, yawan hasken da yake bari ya shiga, da yadda gefen hoto ba zai lanƙwashe ba. In aka tsuke ƙofar haske, na kusa da na nesa duk su fito tas, amma sai an ƙara fitila. Wa ya taɓa nuna mana wannan a ɗakin gwaji?

Wani zai ce ƙera irin wannan gilashi sai Jamus ko Japan. To, na yarda. Amma zaɓarsa, saita shi da gyara shi fa? Ilimin ma ba baƙonmu ba ne: Ibnul Haisam ya rubuta Kitabul Manazir kusan shekara 1,000 da suka wuce.

Manoman madatsar Tomas na noma shinkafa, 'yan Dawanau na neman riɗi mai tsabta. Ƙungiyarmu ta matsa wa hukumar makaranta a sayo gilasai da kyamarori, ko 'yan kaɗan ne. Ku 'yan ajin ƙarshe na baɗi, wani ya ɗauki ƙaramin injin tsince hatsi a matsayin aikin kammala karatu. Idon Inna ya fara gajiya.