Kada tsoron asma ya hana mu maganin gyambon ciki

Ƙwayar cutar Helicobacter pylori, wadda Barry Marshall da Robin Warren suka gano a Ostireliya a 1982, ita ce ke haddasa yawancin gyambon ciki. Sai ga bincike a Amurka da Butajira ta Habasha ya nuna yaran da ke ɗauke da ita ba su cika fama da asma ko borin jini ba. A Zurich ma, a 2011, jariran ɓeraye da aka sa wa ƙwayar sun tsira daga asma, domin tana horar da garkuwar jiki ta daina tayar da jijiyar wuya kan ƙura da furen tsirrai.

Wani zai ce to a ƙyale ta mana. Ban yarda ba. Kariyar da aka gani ta ƙuruciya ce, magidancin da ciki ke masa zafi cikin dare ba abin da zai ƙaru da shi. Kuma tun 1994 hukumar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ƙwayar cikin masu jawo sankarar ciki. Mai gyambo ya je a gwada shi, ya shanye maganin da likita ya rubuta har ƙarshe.