Ba Kowane Ciwo Ake Yi Ma Haƙuri Ba

Ƴan uwa, tun muna yara ake gaya mana haƙuri maganin zaman duniya. Gaskiya ne. Amma akwai ciwo guda wanda haƙuri ba ya maganinsa. Shi ne ciwon da ke ƙaruwa bayan an ɗaure karaya.

A garinmu wani yaro ɗan shekara 9 ya faɗo daga bisa amalanke. Hannunsa ya karye. Aka kai shi likita, aka ɗauki hoton ƙashi, aka sa mishi siminti. Lokotoro ya ce in ciwo ya yi yawa a maido shi. Da dare yaro ya yi ta kuka. Ubansa ya ce: "Kai, yi shiru! Ai kai namiji ne." Uwarsa ta ce: "Malam, yatsun nan fa sun yi sanyi." Ya ce a bari sai ranar kasuwa, lokacin da ake samun mota. Sai bayan kwana 3 aka maida shi. Ƙashi ya ɗinke, amma yatsu sun lanƙwashe. Har yau ba ya iya riƙe hauya da hannun nan.

Mi ya kawo haka? In ƙashi ya karye, wurin yana kumbura, musamman a kwana 2 ko 3 na farko. Siminti kau ba ya buɗewa. In kumburi ya rasa wuri, sai ya matse hanyoyin jini. Naman da jini bai kai mishi ba yana iya fara mutuwa cikin kamar awa 6. Naman da ya mutu ba ya dawowa. Wani lokaci har sai an yanke hannu ko ƙafa.

Dan haka nake cewa kada a jira gari ya waye. A koma likita nan take in an ga ɗaya daga cikin waɗannan:

Ciwo yana ƙaruwa, an sha magani bai lafa ba.
Yatsu sun yi sanyi, ko sun yi fari, ko sun yi duhu.
Yatsu sun mutu, ko mutum ya kasa motsa su.
Wari ko ruwa yana fitowa daga cikin siminti.
Masassara ta kama mai karaya.

Wannan magana ta shafi ɗorin gida ma. In mai ɗori ya ja kara da tsumma sun matse ƙwarai, haɗarin ɗaya ne.

Na san abin da wasu za su ce: "Malam, likita na da nisa, kuɗin mota ba wasa ba ne." Haka ne. Shi ya sa shawarata ita ce, in da hali, mai karaya ya kwana 2 wurin dangi kusa da likita kafin ya koma ƙauye. Kuɗin mota sau ɗaya ake biya. Hannun da ya shanye kuma, da shi za a tsufa.

A gida ma akwai aiki. A ɗora hannu ko ƙafa bisa matashi, ya ɗara ƙirji tsawo. A riƙa motsa yatsu. Kada ruwa ya taɓa siminti, dan yana sa shi laushi. Wajen alwala, malamai sun ce shafa bisa ɗauri ta isa. In ƙaiƙayi ya taso, kada a cusa kara ko tsinke. Suna yin miki a inda ido ba ya gani. A ci wake, da ƙwai, da kifi, a sha nono. Mai shan taba ya bari, dan taba na jinkirta ɗinkewar ƙashi.

Kada a yanke siminti a gida dan an ji sauƙi. Hannun babba yana ɗaukar kamar sati 6. Ƙashin ƙwauri kan kai wata 3 ko fiye. Lokotoro ne zai faɗi ranar cirewa.

A nan ne haƙuri yake da amfani: wajen jiran ranar cirewa. Amma in yaro ya ce ɗauri ya matse shi, a saurare shi. Shi ne ke jin abin da ke ciki.