Shago Naka, Asusu Na Wani

Maganarmu ta yau da 'yan kasuwar ƙasar Yankwashi take, tun daga Karkarna har ƙauyuka, da 'yan'uwansu na Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura.

Kowa ya san abin da ya auku a farkon 2023, bayan da Babban Bankin Nijeriya ya sake takardun naira 200 da 500 da 1,000, tsofaffi suka shige banki, sababbi kuwa suka yi wuyar gani. Manomi ya kai riɗi kasuwa, mai saye na da kuɗi amma a kati, aka tsaya kallon-kallo, har aka riƙa karyar da kaya ga duk wanda ya zo da tsaba. Kotun Ƙoli ta kawo sauƙi ran 3 ga Maris, amma kati ya riga ya shigo kasuwa, ba shi kuwa da niyyar fita.

To, abin da ya dame mu shi ne hanyar da mutanenmu da yawa suka ɗauka. Dattijo mai shagon hatsi, in aka ce za a biya shi da kati, sai ya ce a je wurin mai POS na bakin tasha, ko kuwa a tura asusun yaron shago. Mai POS ya yanki ladansa, ba laifi, sana'arsa ke nan. Amma asusun yaro fa? Kuɗin da suka shiga da sunan mutum, a idon banki nasa ne. Ran da aka ɓata, ko yaro ya tafi ci-rani da layinsa, ko kuwa rai ya yi halinsa magada suka zo rabo, da wace takarda za a tabbatar dukiyar maigida ce? Alƙali ba ya hukunci da "kowa ya sani". Kayan aro ba ya rufe katara.

Saboda haka muna ganin lalle duk mai jari ya buɗe asusun ciniki da sunan shagonsa, ya nemi na'ura tasa ta kansa. Abin da akan tambaya ba shi da yawa: lambar BVN, wadda aka soma bayarwa a 2014, da lambar NIN, da hoto, da shaidar inda shago yake, da takardar rajistar sunan kasuwanci daga hukumar CAC, wadda a 2024 ta matsa wa masu na'urar POS su yi rajista. Sai dai a faɗa wa ma'aikaci dalla-dalla, na'urar karɓar kuɗin kaya ake so, domin ta masu cire wa jama'a kuɗi sharuɗɗanta dabam ne. A ƙa'idar da Babban Banki ya fitar ta 2020, kwabo 50 ake yanka cikin kowace naira 100, ba ya kuwa wuce naira 1,000 komai girman ciniki. Watau kayan naira 60,000 ladansu naira 300. Mai shago ke biya, ba a ɗora wa mai saye. A tambayi abin da ake yanka yau tun kafin a sa hannu.

Akwai masu jin tsoron riba, kuma tsoronsu abin girmamawa ne. Amma a sani, galibin katunan da ke aljihun mutanenmu, Verve ne ko Mastercard ko Visa, kuɗin mai kati suke ɗebowa daga ajiyarsa, ba rance ba ne. Katin bashi irin na mutanen Amurka kaɗan ne a nan, in ma an zo da shi, kuɗin kayansa kurum mai shago ya karɓa, ruwan yana tsakanin mai kati da bankinsa. Hukuncin wannan mun bar wa malamai. Wanda kuwa zuciyarsa ba ta kwanta ba, ga bankin Jaiz tun 2012, ga TAJ tun 2019, ba su aiki da ruwa.

Na'ura ba ta hana ɓarawo sana'a. Kada a ɗora buhu a kan babur don an nuna saƙo a wayar mai saye, sai mai shago ya ga kuɗi sun sauka a nasa asusun.

Bankuna kuma muna da magana da su. A 2025 Babban Banki ya yi umarni a ɗaure kowace na'ura da wurin da aka yi mata rajista, don maganin 'yan damfara. Madalla. Amma falke mai cin kasuwar Kazaure yau, gobe ta Babura, yaya za a yi da shi? A yi masa bayani tun kafin ya biya kuɗin na'ura, kada ta ƙi aiki a tsakiyar ciniki. Sa'an nan takardar neman asusu duk Turanci ce, ana miƙa wa dattijo ya dangwala hannu a kan abin da bai karanta ba. Naira 500 da ke aljihunsa an rubuta ƙimarta da ajami a jikinta. Me zai hana a buga sharuɗɗan asusu da Hausa, boko da ajami, a ajiye a kowane reshe na Kazaure?