Yaron da Ba Ya Ɗaga Hannu a Aji



A ƙarshen zangon karatun da ya wuce, wata maƙwabciyata ta shigo mini da katin sakamakon ɗanta, ranta a ɓace. Yaron yana aji huɗu a firamare, ba ya fashin makaranta, amma ya zo kusa da na ƙarshe. Malami ya rubuta cewa ba ya mai da hankali. Ta ce, "Anti Nas, na yi faɗan, na yi dukan, har na gaji."

Na rubuta haruffa a kwali, na ja da baya, na ce ya karanta. Sai ya hau ƙanƙance ido. Ashe a bencin baya yake zama, kuma ba ya ganin allo sosai. Da aka auna idonsa aka ba shi tabarau, malamin ya dawo da shi gaba, sai ga shi yana ɗaga hannu.

Zuwa makaranta daban, shiga cikin darasi daban. Yaron da ke tambaya, yake ba da amsa ko da zai yi kuskure, shi karatu ke zaunar wa, domin ƙwaƙwalwa ta fi riƙe abin da ta tuno da kanta a kan abin da ta saurara kawai.

Don haka idan ɗanki ya yi shiru a aji, kafin ki kira shi daƙiƙi, ki duba lafiyarsa. Yaro ɗan shekara 6 zuwa 12 yana buƙatar barcin awa 9 zuwa 12. Wanda ya fita bai karya ba, cikinsa zai saurara, ba malami ba. Ƙarancin jini ma yana kawo kasala. Wake, hanta, kifi da zogale suna taimakawa, sannan a tambayi asibiti maganin tsutsar ciki. Kunnen da ke zubar da ruwa yana iya rage ji, kada a yi masa sakaci.

Yau idan ya dawo, ki bar tambayar "Nawa ka ci?" Kina tuƙa tuwo ki ce, "Zo ka koya mini abin da aka koya muku." Idan kwana biyu ya kasa, ki leƙa makarantar ki ga inda yake zama.

Allah ya raya mana su. Sai mako mai zuwa.