Laifin Ba Na Jini Ba Ne

Duk lokacin da aka ambaci yadda hawan jini da ciwon suga ke yi wa baƙaƙen fatar Amurka ɗauki ɗai-ɗai fiye da fararenta, sai wasu su ɗaga kafaɗa su ce gado ne, ko kuma su ce mutanen ne ba su jin shawarar likita. Ni ban yarda da ko ɗaya ba, kuma ina ganin duka biyun hanya ce ta wanke hannun masu mulki.

Mu fara da batun gado. A wani bincike da aka buga a shekarar 1997, Richard Cooper da abokan aikinsa sun auna mutanen da tushensu ɗaya ne, wato Afirka ta Yamma. Sun tarar masu hawan jini kashi 16 cikin ɗari ne a Najeriya da Kamaru, kashi 26 a tsibiran Karibiyan, kashi 33 a Amurka. Da a jini cutar take, me ya ninka ta bayan ƙetare teku? Abin da ya sauya shi ne abinci, unguwa, aiki da zaman wariya.

Sai batun taurin kai. Daga 1932 zuwa 1972, hukumar lafiyar gwamnatin Amurka ta zuba wa ɗaruruwan baƙaƙen maza masu tunjere ido a Tuskegee, ta hana su magani don ta ga yadda cutar za ta ƙare da su. Wanda maciji ya sara, ko igiya ya gani sai ya zabura. Wa ya isa ya kira tsoron jikokinsu jahilci?

Duk da haka, da aka kai musu magani inda suka amince, sun karɓa. A binciken da Dokta Ronald Victor ya jagoranta a shagunan aski 52 na Los Angeles, wanda aka buga a 2018, an zaunar da masana magunguna a gefen mai aski. Cikin wata shida, kusan kashi 64 cikin ɗari na mazan da suka samu wannan kulawa sun dawo da jininsu daidai, alhali a rukunin da aka yi wa nasiha kawai aka tura asibiti, bai kai kashi 12 ba. Gani ya kori ji.

To, me ya hana a mayar da wannan tsari doka? Tun 1999 cibiyar CDC ke gudanar da shirin REACH don rage irin wannan giɓi, amma da tallafin 'yan shekaru ne, wanda ke jiran amincewar majalisa. Cutar da za ta bi mutum har kabari ba a yaƙarta da kuɗin wa'adi. Ƙasar da ta san maganin, ta gwada shi ya ci, sannan ta bar shi a matsayin gwaji, ba ta da bakin ɗora laifi a kan jinin kowa.