Hukuncin Ɗan Wasan da Ya Kashe Rai da Mota Cikin Maye

1.0 Gabatarwa

A yau da wuya a sami unguwa a biranen ƙasar Hausa wadda ba ta da gidan kallon ƙwallo. Matasa sun haddace sunayen 'yan wasan Ingila da na Sifaniya, sun san kuɗin da aka sayi kowanne da albashin da yake ɗauka a mako. Abin da ba a cika tattaunawa a kansa ba a irin waɗannan gidaje shi ne, daga cikin taurarin wasanni akwai waɗanda suka sha giya suka hau mota suka kashe bayin Allah, daga bisani kuma suka koma fili aka ci gaba da tafa musu. Wannan maƙala za ta kawo wasu daga cikin shari'o'in da aka yi a Amurka da Ingila da Sifaniya, sa'annan ta kare ra'ayi guda: kuɗi suna iya biyan haƙƙin iyalan mamaci, amma bai kamata su sayi hukuncin da al'umma take bin mai laifi ba, kome shahararsa.

2.0 Wasu Shari'o'i da Aka Yi

Dokar yawancin ƙasashe tana auna maye ne da yawan barasar da aka samu a jinin direba. A jihohin Amurka da za a ambata a nan, iyakar da doka ta yanke a yau ita ce kashi 0.08 cikin ɗari. Wanda ya kai wannan adadi bai halatta ya riƙe sitiyari ba.

A watan Oktoba na 1998, Leonard Little, ɗan wasan ƙwallon Amurka (wasa ne mai kama da zari-ruga) na ƙungiyar St. Louis Rams, ya taso daga wurin liyafa ya afka wa motar wata mata, ta rasu. Gwaji ya nuna 0.19 a jininsa, wato kusan ninkin iyakar da doka ta yanke a jihar a wancan lokaci. An yanke masa kwana 90 a tsare da aikin al'umma na awa 1,000, hukumar gasar kuma ta dakatar da shi wasa takwas. A watan Janairu na 2000 yana cikin 'yan wasan da suka ɗaga kofin gasar.

A watan Maris na 2009, Donté Stallworth na ƙungiyar Cleveland Browns ya kaɗe wani magidanci ɗan shekara 59 a Miami Beach da sassafe, lokacin da mutumin ya tashi daga aikin dare yana hanzarin tarar motar haya. An sami 0.126 a jininsa. Laifin yana iya jawo ɗaurin shekara 15 a dokar jihar Florida, amma bayan ya yi sulhu na kuɗi da iyalan mamacin, sai aka yanke masa kwana 30, ya yi 24 ya fito, aka haɗa masa da ɗaurin talala a gida na shekara biyu. Hukumar gasar ta dakatar da shi kakar wasa guda, ya dawo a 2010. Jama'a da dama sun kwatanta wannan hukunci da na wani ɗan wasan gasar, Michael Vick, wanda aka ɗaure wata 23 a 2007 saboda shirya faɗan karnuka.

A Ingila kuwa, a watan Yuni na 2008, mai tsaron gidan Plymouth Argyle, Luke McCormick, yana dawowa daga ɗaurin aure cikin maye sai ya afka wa wata mota a babbar hanyar M6. Yara biyu 'yan uwan juna, ɗan shekara 10 da ɗan shekara 8, suka rasu, mahaifinsu kuma ya ji mummunan rauni. An ɗaure shi shekara 7 da wata 4, ya fito a 2012, ya koma tsohuwar ƙungiyarsa a 2013, a 2014 aka ba shi kyaftin.

Marcos Alonso, wanda masu kallo suka fi sani a Chelsea da Barcelona, ya yi karo da bango a birnin Madrid a watan Mayu na 2011. Yana gudun da ya haura kilomita 110 a awa a titin da iyakarsa 50 ce, barasar jininsa kuma ta wuce ƙa'ida. Wata budurwa da ke cikin motar ta rasu. A 2016 aka mayar da ɗaurin wata 21 da aka yanke masa zuwa tarar Yuro 61,000, a shekarar ce kuma ya koma Chelsea.

Na ƙarshe shi ne Henry Ruggs na ƙungiyar Las Vegas Raiders. A watan Nuwamba na 2021, yana ɗan shekara 22, ya tuƙa motarsa a cikin gari da gudun da ya kai kilomita 250 a awa, da barasa 0.161 a jininsa. Ya daki motar wata mata 'yar shekara 23, motar ta kama da wuta, matar ta ƙone a ciki. Ƙungiyarsa ta sallame shi a ranar, a 2023 kuma kotu ta yanke masa ɗaurin shekara 3 zuwa 10.

Duk wanda ya jera waɗannan shari'o'i biyar zai ga laifin kusan iri ɗaya ne, amma hukuncin ya tashi daga tara kawai, zuwa kwanaki, zuwa shekaru.

3.0 Tsautsayi ne ko Ganganci?

Kafin a yi maganar hukunci, wajibi ne a fara daidaita sunan abin da ya faru, domin harshe yana iya wanke mai laifi tun kafin alƙali ya zauna. Ɗalibin nahawu zai lura da bambancin da ke tsakanin waɗannan jimloli: "mota ta kaɗe shi", da "mota ta ƙwace masa", da kuma "direba ya kaɗe shi da mota". A jimla ta farko da ta biyu mota ce aikau, kamar ita ce ta yanke shawara. A ta biyun ma direban ya koma wanda aka yi wa abu, abin tausayi. A ta uku ce kaɗai mutum ya tsaya a gurbinsa na mai aikatawa. Haka nan kalmar "tsautsayi" take aiki. Da zarar an ce "tsautsayi ba ya wuce ranarsa", an rufe ƙofar tambaya.

Imani da ƙaddara gaskiya ne, amma bai taɓa ɗauke wa ɗan Adam alhakin abin da ya zaɓa ba. Tsautsayi shi ne abin da ya auku bayan mutum ya yi iyakar kiyayewarsa, kamar fashewar sabuwar taya. Shi kuwa wanda ya sha barasa ya karɓi makulli, ya yi zaɓi sau biyu: ya zaɓi sha, ya kuma zaɓi tuƙi. Sananne ne cewa barasa tana rage saurin ankara, tana gurɓata auna tazara, tana kuma ƙara wa mai ita ƙarfin hali na banza. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kimanin mita 28 a daƙiƙa guda. A gudun da Ruggs ya yi, mota tana cin kusan mita 70, ma'ana za ta ratsa filin ƙwallo daga raga zuwa raga cikin daƙiƙa ɗaya da rabi. Masu iya magana sun ce, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Saboda haka sunan da ya dace da wannan aiki shi ne ganganci.

Gangancin ɗan wasa ma ya fi na kowa rashin uzuri. Mutumin da yake ɗaukar miliyoyi yana da halin ɗaukar direba, ko kiran tasi, ko kwana a masauki. Dukiyar da ake kawowa daga baya don neman sassauci, ita ce dai wadda da an kashe ɗan kaɗan daga cikinta a daren, da rai bai salwanta ba.

4.0 Haƙƙin Iyali da Haƙƙin Al'umma

Idan aka kashe rai ta wannan hanya, haƙƙi biyu ne suke tasowa. Na farko na iyalan mamaci ne, waɗanda aka raba da mai ciyar da su ko ɗansu. Wannan haƙƙi nasu ne, suna iya karɓar diyya, suna iya yafewa, ba kuma wanda ya isa ya zarge su. Matar da aka bar wa marayu ta fi kowa sanin abin da take bukata. Na biyu shi ne haƙƙin al'umma, domin titi na kowa ne, kuma wanda ya hau shi cikin maye ya jefa duk wanda ya wuce a cikin haɗari, wanda ya mutu da waɗanda Allah ya kuɓutar. Iyali ɗaya ba su da ikon yafe wannan a madadin sauran jama'a.

Wannan rarrabewa ba baƙuwa ba ce ga mai karatu Bahaushe. A shari'ar Musulunci, kisan kuskure yana wajabta diyya ga iyali, sa'annan ga kaffara a wuyan wanda ya yi kisan, wadda a yau take komawa ga azumin wata biyu a jere. A mazhabar Malikiyya kuma, kamar yadda ya zo a littafin Risala na Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya yi kisan ganganci aka yafe masa, hukuma tana yi masa bulala ɗari ta kuma tsare shi shekara guda. Ba ana nufin hukuncin tuƙin maye daidai yake da na kisan kai da niyya ba. Abin lura shi ne ƙa'idar: yafiyar iyali ba ta share haƙƙin jama'a.

Inda aka gauraya waɗannan haƙƙoƙi biyu, sakamakon shi ne a sami doka biyu a ƙasa ɗaya. Leburan da ya aikata irin laifin Stallworth ba shi da abin sulhu, ba shi da manyan lauyoyi, don haka shi zai ɗanɗani cikakken hukunci. Idan kuwa tsawon zaman kurkuku ya dogara ga nauyin aljihu, to, an sanya wa rai farashi ke nan.

5.0 Hujjojin Masu Neman Sassauci

Adalci ne a saurari ɗaya ɓangaren. Masu kare hukuncin Stallworth suna cewa bai gudu ba, ya tsaya a wurin, ya ba 'yan sanda haɗin kai, ya amsa laifinsa, mamacin kuma ba a wurin tsallakawar masu ƙafa yake ba. Waɗannan dalilai ne da kowace kotu take dubawa, kuma daidai ne a rage wa mai nadama. Sai dai rangwame yana da iyaka. Saukowa daga shekara 15 zuwa kwana 30 ya wuce rangwame, ya kusa zama shafe hukuncin baki ɗaya.

Wasu kuma suna cewa dokokin ƙasashe sun bambanta, don haka ba a kwatanta Madrid da Las Vegas. Wannan gaskiya ne. Amma doka aikin mutane ce, ana gyara ta idan ta gaza. Birtaniya ta yi haka a 2022, inda ta ɗaga mafi girman hukuncin kisa ta hanyar tuƙin ganganci ko na maye daga shekara 14 zuwa ɗaurin rai da rai.

Akwai kuma masu cewa ɗan wasa ya riga ya sha hukunci ta hanyar zubewar mutunci da asarar kwantiragi. Amsar wannan ita ce, direban tanka ko malamin makaranta shi ma yana rasa aikinsa idan aka ɗaure shi, ba a kuma taɓa lissafa masa wannan a matsayin zaman kurkuku ba. A ɗaya gefen, ba daidai ba ne a tsananta wa ɗan wasa fiye da kowa don kawai a yi misali da shi. Abin da ake nema shi ne mudu ɗaya ga kowa.

6.0 Komawa Fili

Shin wanda ya gama zaman hukuncinsa yana da damar komawa wasa? Amsa ita ce e. Ƙwallo sana'arsa ce, kuma hana wanda ya biya bashin doka neman abinci wani zalunci ne. Amma akwai tazara tsakanin ba mutum aiki da ba shi girma. Kyaftin shugaba ne, shi ake turawa gaba, shi yara suke kwaikwayo. Ƙungiyar da ta ɗaura wa McCormick kambun kyaftin shekara biyu bayan fitowarsa ba ta karya doka ba, amma ya kamata ta tuna cewa iyayen yaran nan biyu suna raye suna gani. Abin da ya fi dacewa da irin wannan ɗan wasa shi ne ya yi aikinsa cikin kunya, ya kuma ba da lokacinsa da dukiyarsa wajen gargaɗin matasa.

7.0 Darasi ga Malami

Ɗalibin da ke shirin zama malami zai iya tambayar abin da ya haɗa shi da kotunan Amurka. Amsar tana cikin harabar makaranta. Kusan kowace makaranta tana da tauraronta: mai ci wa makaranta ƙwallo, ko gwanin gudu, ko zakaran muhawara. Sau da yawa idan irin wannan yaro ya yi laifi sai a kau da kai, saboda gasa ta ƙarato. Daga nan yake fara koyon cewa baiwarsa ta ɗaga shi sama da doka, sauran yara kuma su koyi cewa doka ta marasa gata ce. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Malamin da ya hukunta gwanin ajinsa daidai da yadda zai hukunta kowa, ya yi wa yaron gata, ko da makaranta ta rasa kofi a shekarar.

Malamin Hausa yana da ƙarin nauyi, domin shi ne mai koyar da amfani da kalmomi. Yana iya kawo rahoton haɗarin mota daga jarida ko rediyo cikin aji, ya sa ɗalibai su nemo aikau a kowace jimla, su kuma tantance inda ya dace a ce tsautsayi da inda ya dace a ce sakaci ko ganganci. Wannan darasi yana da amfani a gida ma, inda maye bai tsaya ga giya ba, ya haɗa da ƙwayoyi da sauran kayan sa maye da wasu direbobi suke sha kafin su hau hanya.

8.0 Kammalawa

An ga yadda laifi iri ɗaya ya sami hukunci mabambanta, an kuma nuna cewa tuƙi cikin maye zaɓi ne da mutum yake yi da saninsa. Diyya haƙƙin iyali ce, a biya su ita cikakkiya. Hukunci haƙƙin al'umma ne, a zartar da shi da ma'auni ɗaya ga mai suna da marar suna. Wanda ya gama biyan duka biyun a bar shi ya nemi abincinsa, amma a yi hattara wajen mayar da shi abin koyi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2023 cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ne suke mutuwa a kan tituna kowace shekara. Kowane ɗaya daga cikinsu yana da iyaye ko 'ya'ya da suke jiran dawowarsa, kuma ransa bai gaza na wanda ake tafa wa a fili daraja ba.