Amurka: Yadda bashi da tsohon laifi ke hana mutum riƙe sirrin gwamnati

Hausawa na cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa. To amma a ƙasar Amurka, bashin da mutum ya yi watsi da shi na iya raba shi da abincinsa, muddin aikinsa na buƙatar izinin ganin bayanan sirri na gwamnati. Miliyoyin mutane ne ke aiki da wannan izini, kama daga sojoji da jami'an leƙen asiri har zuwa ma'aikatan kamfanonin da ke yi wa ma'aikatar tsaro kwangila.

Duk mai neman izinin sai ya cika wata doguwar takarda da ake kira SF-86. A ciki ana tambayarsa bashin da ya haura kwana 120 bai biya ba cikin shekaru bakwai da suka gabata, da harajin da ya ƙi biya, da kamun da ƴan sanda suka yi masa, ko da kuwa kotu ta kori ƙarar. Daga nan sai a auna shi da ƙa'idoji 13, waɗanda aka sabunta a 2017. A shari'o'in ma'aikatan kwangila da aka hana wa izinin, matsalar kuɗi ce ke kan gaba.

Dalilin wannan tsanani ba ɓoyayye ba ne. A 1985, wani jami'in hukumar CIA mai suna Aldrich Ames, wanda bashi ya yi wa katutu bayan rabuwa da matarsa, ya soma sayar wa Tarayyar Sobiyet sirrin ƙasarsa a kan dala dubu 50. Kafin a kama shi a 1994, ya sayi gida na dala dubu 540 kuɗi hannu, kuma an kashe mutane da dama da ya tona wa asiri. Darasin da hukumomi suka ɗauka shi ne, wanda masu bin bashi suka matsa wa lamba yana da sauƙin saye.

Sai dai ba yawan bashin kaɗai ake dubawa ba. Idan rashin lafiya ko rasa aiki ko mutuwar aure ne ya jawo shi, kuma mutum ya nuna shaidar yana biya kaɗan-kaɗan, sau da yawa akan ba shi izinin. Haka ma tsohon laifi: akan duba girmansa, da daɗewarsa, da ko an sake aikata shi. Wata doka ta 2008 ce ta toshe hanyar manyan sirrika ga wanda ya yi zaman kurkuku na shekara guda ko fiye, amma ko ita ta bar ƙofar sassauci. Abin da ba a cika yafewa ba shi ne ɓoye gaskiya, domin yin ƙarya a takardar laifi ne da kan kai ga ɗaurin shekara biyar. Kuma tun a 1988 kotun ƙolin ƙasar ta yanke cewa izinin ba haƙƙin kowa ba ne, saboda haka duk shakkar da ta taso, gwamnati ake bai wa rinjaye.

Duk da haka tsarin ya taɓa yin mummunan tuntuɓe. A ranar 16 ga Satumba 2013, Aaron Alexis ya harbe mutane 12 a wani sansanin sojan ruwa da ke birnin Washington, alhali yana riƙe da izinin tun 2008. Bincike ya nuna cewa bai bayyana kamun da aka yi masa a birnin Seattle a 2004 ba, lokacin da ya harbi tayoyin motar wani, haka kuma ya ɓoye wasu basussuka. An sake kama shi a 2010 kan harba bindiga, amma ba a janye izinin ba, domin a lokacin sai bayan shekara goma ake sake tantance masu irin matakinsa.

Wannan na cikin abubuwan da suka sa aka sauya salo. A 2019 aka mayar da yawancin binciken hannun hukumar DCSA ta ma'aikatar tsaro, kuma sannu a hankali aka koma sa ido a kullum, inda kwamfuta ke bibiyar bayanan kotuna da na masu ba da rance.

Abin tambaya a nan shi ne, wa wannan raga ta fi kamawa? Lokacin da aka rufe wani sashe na gwamnati har kwana 35 daga Disamban 2018 zuwa Janairun 2019, ma'aikata kusan dubu 800 ne suka rasa albashi a kan lokaci, wasunsu na fargabar kada bashin da gwamnati ta jefa su ciki ya ci izininsu. Kwamfuta na gane bashin ƙaramin soja nan take, amma ba ta san dalilinsa ba. Shi ya sa har yanzu hukuncin ƙarshe ke hannun jami'in da zai saurari mutum. Ga mai neman izinin kuwa, mafita ita ce ya faɗi komai tun da farko, tun da ramin ƙarya ƙurarre ne.